Kindle ko tab: wanne za mu saya wa Baba?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. Mahaifinmu ya yi ritaya, yanzu ba shi da aiki sai karatu, kuma duk a waya yake yi. Da daddare idonsa har ruwa yake, ga rubutu ƙanana, kullum yana ta jan sikirin da yatsu biyu. Yayanmu zai dawo daga Ingila wata mai zuwa, ya ce mu zaɓa tsakanin Kindle, na'urar karatu mai baƙi da fari, da kwamfutar hannu mai kala, wato tab, shi zai biya. Ni ban taɓa riƙe Kindle ba, a hoto kawai nake ganinta. Waɗanda suka yi amfani da su ku taimaka mana.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. In dai karatu ne zalla, Kindle za a saya, kada ma a ɓata lokaci. Mutane da yawa suna ɗauka tab ce kawai aka cire mata kala, alhali sikirin ɗinta daban ne tun daga tushe. A cikinsa akwai miliyoyin 'yan ƙwanso, kowanne kaurinsa bai wuce na silin gashi ba, cike da ruwa, a cikin ruwan kuma akwai ƙwayoyi farare da baƙaƙe. Idan ka juya shafi, sai wuta ta turo baƙaƙen sama a inda harafi zai fito, fararen su hau a sauran wurin, shi ke nan su tsaya cak. Daga nan ba ta ƙara shan batir don riƙe shafin sai ka sake juyawa. Kuma ba ta dalle maka ido. Hasken ɗaki ko na rana ne yake sauka a kanta ya dawo, yadda yake yi a takarda. Ko fitilar da aka sa wa sababbin a gefe take, tana shimfiɗa haske a kan shafin. Ita kuwa tab hasken daga cikinta yake fitowa, kai tsaye zuwa idonka. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro fasahar, aka kafa kamfanin E Ink a 1997, Sony ta fara fitar da na'urar karatu da ita a Japan a 2004, Amazon ta biyo baya da Kindle a 2007.

Sadiq Mai Waya: Injiniya an fara lacca ke nan 😂 Hajiya ta tambayi wanne za ta saya, ka kai mu Japan.

Injiniya Bashir: To ga shi a taƙaice: caji ɗaya, makonni. A garin nan wannan kaɗai ya isa hujja. Ka tuna Oktoban 2024 da yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu? Ana layi a shagon caji, ni ina kwance ina karatuna.

Sadiq Mai Waya: Waɗannan makonnin ma a duba su da kyau. Amazon ta ce Kindle Paperwhite ta 2024 tana kai mako 12, amma da sharaɗin karatun rabin awa a rana, an kashe intanet, an rage fitila. Ka lissafa: kwana 84 sau rabin awa, awa 42 ke nan. Dattijon da ya yi ritaya ba rabin awa yake karatu ba. In yana yin awa biyar a rana, kwana takwas zuwa tara ne.

Injiniya Bashir: Na yarda da lissafinka. Yanzu faɗa mana na tab.

Sadiq Mai Waya: Mai kyau, wajen awa goma.

Injiniya Bashir: To ka gani. Kwana biyu da kwana takwas ai ba ɗaya ba ne.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina bayan Injiniya a zancen kuran, wato wutar lantarki. Mu nan wutarmu daga Katsina take tahowa. Da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta 2023 bayan juyin mulki, sai Maris 2024 aka maido. A wannan lokacin ne na san darajar Kobo ɗina, ita ma na'urar karatu ce irin Kindle. Ƙaramin faifan sola da muke cajin waya da shi, awa biyu a rana ɗaya ya ishe ta tsawon mako. Kuma ina zama da ita a ƙofar gida da hantsi, rana na dukan ta, rubutu sai ƙara fitowa yake. Ku gwada haka da tab, fuskarku kawai za ku gani a gilashi, bayan minti kaɗan kuma ta ɗau zafi.

Dakta Ummi: Maman Hanif, kafin a kai ga na'ura, yaushe rabon da a duba idon Baba? Ruwan ido a wajen mai karatu a sikirin yawanci bushewa ce take jawo shi, saboda mutum yana rage ƙifta ido idan ya ƙura wa abu, idon ya bushe, sai ya rama da hawaye. Wannan yana faruwa ko da wace na'ura ce, har da littafin takarda in an daɗe. Amma a shekarunsa akwai yanar ido, akwai hawan jinin ido wanda ba ya ciwo sai ya gama ɓarna, akwai kuma gilashin da ya daina yi masa daidai. Babu na'urar da za ta gyara waɗannan.

Maman Hanif: Gaskiya Dakta an kwana biyu. Gilashin da yake sawa ma a kasuwa ya saya da kansa.

Dakta Ummi: To a fara da wannan. Sannan Injiniya, ina da ja a kan cewa baƙi da fari ya fi wa kowane ido. Ga matashi mai lafiyar ido, wataƙila. Amma farin Kindle ba fari ba ne tas, toka-toka ne, baƙinta ma bai kai na tab duhu ba. Idon tsoho kuwa abin da ya fi buƙata shi ne rubutu ya rabu da bango sosai. An yi wani bincike a Jami'ar Mainz ta Jamus, aka wallafa a 2013, aka sa matasa da tsofaffi karatu a takarda, da na'ura mai baƙi da fari, da tab, ana auna motsin idonsu da aikin ƙwaƙwalwa. A wajen matasa ba a ga wani bambanci ba. Tsofaffin kuwa a tab karatun ya fi zo musu da sauƙi, duk da cewa da aka tambaye su takarda suka ce sun fi so.

Injiniya Bashir: Dakta, barci fa? Ai ku likitoci ne kuka ce hasken sikirin yana hana barci.

Dakta Ummi: Akwai wannan. Binciken da aka fi ambata shi ne na masu bincike a Harvard a 2014, inda masu karatu a iPad kafin kwanciya suka yi jinkirin barci da kimanin minti goma, sinadarin melatonin ɗinsu, mai kawo barci, ya ragu. Amma mutum 12 ne kacal, kuma awa huɗu suke yi kowane dare da hasken a ƙure. Wa yake karatu haka? A rage haske, a mayar da shi ruwan ɗorawa bayan isha'i, matsalar ta ragu sosai. Ni abin da ya fi hana ni barci a tab ba haske ba ne, WhatsApp ne.

Injiniya Bashir: Kin kawo mini hujja da kanki. A Kindle babu WhatsApp, babu TikTok, babu wanda zai turo maka bidiyon da ba ka tambaya ba. Littafi ne kawai da kai.

Malam Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Ina ta bin zancen, amma har yanzu ban ga wanda ya yi tambayar da ta kamata ba. Hajiya, shi Baba me yake karantawa? Kuma daga ina littattafan suke zuwa masa?

Maman Hanif: Allah ya gafarta Malam, yawanci na addini ne da Larabci, tafsiri da fiƙihu, sai tarihin Daular Usmaniyya da Hausa da Turanci. Abokansa ne suke turo masa a WhatsApp, wasu kuma ƙanena yake sauke masa. Na duba wayar yanzu, kusan duk PDF ne. Yana kuma karatun Alƙur'ani a wani mus'hafi mai kaloli.

Malam Abu Sumayya: To nan gizo ke saƙar. Ni na riƙe Kindle mai inci shida, na san daɗinta kuma na san iyakarta. Littafin lantarki iri biyu ne. Akwai wanda rubutu ne tsantsa, kamar EPUB, wanda in ka ƙara girman haruffa layuka su sake jeruwa da kansu su cika sikirin. A irin wannan Kindle ba ta da na biyu. Akwai kuma PDF ɗin da muke yawo da shi mu ɗaliban ilimi, wanda wani bawan Allah ya ɗauki bugun Misra ko na Beirut ya yi masa sikanin shafi-shafi. Wannan ba rubutu ba ne a wajen na'ura, hoto ne. Ba za ka iya ƙara girman harafi ba sai dai ka ƙara girman shafin gaba ɗaya. Ku tuna kuma yadda shafin littattafanmu yake: matani a sama ko a cikin akwati, sharhi a ƙasa, hashiya da siririn rubutu a gefe, ga wasulla. Ka matse wannan duka cikin inci shida, me za ka gani? In ka ce za ka ja shi ya girma, ita wannan fuskar ba ta da sauri, sai ta yi baƙi ta yi fari kafin ta daidaita, ka matsa gefe ta sake yi. Kamar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli haka za ka yi ta karatu. Matashi zai iya jurewa. Dattijo kwana uku zai yi ya koma wayarsa.

Malam Abu Sumayya: Sai zancen mus'hafi. In mai tajwidi ne, kalar nan ba ado ba ce. Ja na madda ne, kore na gunna, shuɗi na ƙalƙala da tafkhimi, toka na harafin da ba a furtawa. Na'ura mai baƙi da fari matakin toka 16 gare ta. Ja da kore duk toka za su koma, su haɗu da harafin da aka ce kada a furta. Wanda ya saba da kalolin sai ya rikice.

Injiniya Bashir: Malam, ai an wuce nan. Akwai masu kala. A 2024 Kobo ta fitar da Libra Colour da Clara Colour a Afrilu, Amazon ta fitar da Kindle Colorsoft a Oktoba. In girma ne kuma akwai Kindle Scribe, wadda ta 2024 take da inci 10.2, akwai Boox ta China mai inci 10.3 wadda Android ce a ciki, kana iya sa mata manhajoji.

Sadiq Mai Waya: Faɗi kuɗin mana ranka ya daɗe. A 2024 ƙaramar Kindle dala 110 ce, Paperwhite 160, Colorsoft da ta fito 280, Scribe ta tasar ma 400. Da kuɗin Scribe an sayi iPad sabuwa. Kuma kalar nan na gan ta da idona a hannun wani kwastoma, a kwance take kamar ta tsohuwar jarida.

Injiniya Bashir: Wannan gaskiya ne. Tace mai kala aka shimfiɗa a kan baƙi da farin, kala 4,096 take bayarwa, tab kuma miliyoyi. Kaifin rubutu baƙi ɗigo 300 ne a inci, na kala 150. Kuma tacen yana sa shafin ya ɗan yi duhu, sai ka ƙara fitila. Amma don bambance ja da kore a mus'hafi ta wadatar.

Dakta Ummi: Ka ga an dawo kan maganata. Shafi mai duhu ga ido mai yana.

Anti Bilki: Ku bari mu masu karatun littattafan Hausa mu sa baki. Ni marubuciya ce kuma makaranciya. Inda littattafanmu suke yanzu shi ne Wattpad, da ArewaBooks, da zaurukan WhatsApp da Telegram. Kindle ba ta ɗaukar waɗannan manhajojin. Wanda duk ya saye ta don karatun littattafan Hausa na yanzu, sai ya koyi tura fayil da kansa. Ba wuya, tun 2022 Send to Kindle yana karɓar EPUB, yana karɓar fayil ɗin Word ma, akwai kuma Calibre a kwamfuta, kyauta ce, tana juya fayil daga wani nau'i zuwa wani. Amma wa zai zauna yana yi wa Baba wannan kullum?

Ɗan Maraɗi: Hajiya Bilki, haruffa masu ƙugiya fa? Ni a Kobo wani littafin sai in ga ɗ da ƙ sun fito da wata kama daban da sauran haruffa, wani lokaci ma ɗan akwati.

Anti Bilki: Nau'in haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su. Ka sauke Charis SIL ko Gentium, kyauta ne, an yi su ne musamman don harsuna irin namu. Ka haɗa na'urar da kwamfuta, ka buɗe jaka mai suna fonts, ka zuba su ciki. Kobo da Kindle duk suna karɓa. Har ƴ ɗinku ta Nijar za ta fito tsaf. Amma fa yawancin marubutanmu ba sa ma sa ƙugiyar, sai ka yi ta canka ko kafa ake nufi ko ƙafa.

Anti Bilki: Tunda an zo nan, ku masu tura littafin kuɗi a zauruka ku ji tsoron Allah. Mace ta kwana tana bugawa da babban yatsa, ta sa ɗari biyar, mutum ɗaya ya biya ya raba wa dubu.

Admin: Anti Bilki, wannan muhawarar mun yi ta, za mu sake yi, amma ba yau ba. A koma kan Baba.

Malam Abu Sumayya: Kafin a koma, akwai abin da ya shafi duka biyun. Littafin da ka saya a cikin shagon kamfani, a kulle yake da asusunka. A 2009 Amazon ta goge littattafan George Orwell biyu daga na'urorin mutanen da suka biya, saboda wanda ya sa su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. Ta mayar da kuɗi, amma mutane sun farga cewa hannun kamfani yana kaiwa har cikin aljihunsu. A Fabrairun 2025 kuma ta cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta. Mu nan gida mun ga OkadaBooks, shagon littattafan lantarki, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Don haka duk wadda aka saya, littattafan Baba a ajiye kwafinsu a wani wuri daban.

Sadiq Mai Waya: Ni bari in yi maganar sana'ata. Ranar da tab ta faɗi gilashi ya fashe, in sananniya ce ka shigo Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, in sha Allahu a ranar za ka koma da ita. Kindle kuwa a ƙarƙashin fuskar akwai wani siririn gilashi, ko zama aka yi a kanta cikin aljihun babbar riga sai ya tsage ta ciki. Waje lafiya lau, amma rabin shafi ya daskare da zane-zane. An sha kawo mana, ba mu da kayanta, sai an yi oda, kuma kuɗin ya kusa na sabuwa. Amma don adalci, ita ba ta cika lalacewa haka kawai ba. Na ga ta shekara takwas tana aiki. Tab mai arha kuwa shekara biyu batir ya kumbura saboda zafi da caji da janareta.

Anti Bilki: Ba wanda ya faɗi babbar matsalar tab: jikoki. Ranar da Hanif ya gano akwai katun a ciki, Baba ya yi sallama da ita 😂

Maman Hanif: Wallahi Anti kamar kin san gidan. Kuma ba ya iya hana su komai.

Sadiq Mai Waya: A sa mata lambar sirri, kada a sa YouTube, a ce musu ta karatun Alhaji ce. Ko a saya musu tasu ta dubu kaɗan su huta.

Injiniya Bashir: Maimakon mu yi ta ja, Hajiya turo mini ɗaya daga cikin littattafan da ya fi buɗewa. Paperwhite ɗina mai inci 6.8 ce, zan sa in ɗauko hoto kowa ya gani.

Maman Hanif: Na tura maka ta akwatinka. Na fiƙihu ne, mujalladi na biyu.

Injiniya Bashir: Na sa. Fayil ɗin nauyi gare shi, ya ɗan jima kafin ya buɗe. A tsaye, matanin yana karantuwa in ka matso da ita kusa, sharhin da ƙyar, hashiyar gefe kuwa ni ma da nake da lafiyar ido sai na ƙanƙance. Da na kwantar da ita a gicciye rubutun ya girma, ya fito fes, har ya fi na wayar kyau nesa ba kusa ba. Sai dai shafi ɗaya ya rabu uku, kuma in sharhi ya ce ka duba matani sai ka koma baya sau biyu. Akwai manhajar KOReader da take yanke farin gefen shafi ta ƙara girma, tana hawa Kobo da Boox cikin sauƙi, amma a Kindle sai an yi mata dabara, ba zan ba dattijo wannan shawarar ba. Ga wannan littafin dai, inci goma ko sama. Amma ina nan a kan bakana: in da littattafan tarihin nan na Hausa da Turanci ne kawai, a EPUB, babu abin da zai sa in bar Kindle.

Malam Abu Sumayya: Ai ba mu yi musu a kan wannan ba Injiniya. Ni kaina littattafan manhajar Shamila ta Larabci da aka buga a rubuce, a mai baƙi da fari nake karanta su, don Larabci yana fita da kyau a ciki. Na sikanin ne nake kai wa tab.

Maman Hanif: Na nuna wa Baba hotunan. Ya ce wannan 'yar ƙaramar ta yi masa kyau a ido, amma shi yana son ya ga shafi gaba ɗaya yadda ya san shi a littafi, don da wurin da magana take a shafi yake tuna ta. Sannan ya tambaya ko za a iya sa masa karatun tafsiri na murya da labaran BBC a ciki. Ina jin tab ɗin za mu ce wa Yaya, mai inci goma ko sha ɗaya. Asibitin ido kuma ranar Litinin in sha Allahu. Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Dakta Ummi: Madalla. A ce su auna masa har da hawan jinin idon, kada a tsaya a gilashi kawai.

Anti Bilki: Maman Hanif, tambayi Yaya ko akwai sauran wuri a jakarsa. Hoton nan na Injiniya ya shiga raina, Paperwhite nake so, zan turo kuɗina.

Sadiq Mai Waya: A ce masa ya haɗo da riga mai murfi wadda take tsayawa da kanta, da leda marar ƙyalli ta kan gilashi, don ta rage ɗaukar ido. Ya zaɓi mai wurin ajiya da yawa, littattafan sikanin nan suna da ci. Cajar Ingila baki uku ce irin ta soket ɗinmu, ba sai an nemi adafta ba.

Ɗan Maraɗi: Ku ke nan. Mu namu baki biyu ne irin na Faransa, in za a yi mani sautu a haɗo da adaftar.